Sunan Baban Maijidda

Gidan Rumji, 1960

Litinin, 16 ga Mayu, da hantsi

Motar wasiƙu ta zo daga Maraɗi. Takardata ba ta zo ba.

Tun kaka na dawo daga Dakar da shaidar gama karatun shari'a. Tana nan cikin akwati, ƙarƙashin rigunan sanyin da ba zan ƙara sa su ba. Aka ce, Hashimu, tafi Gidan Rumji ka riƙa taimaka wa Nasara mai shari'a kafin gwamnati a Yamai ta naɗa ka. To ga ni ina taimakawa. Taimakon kuwa shi ne in juya wa Nasara abin da mutane suka ce, in juya wa mutane abin da Nasara ya ce, in ya nemi ashana in miƙa masa. Duk gari Mai Lofe ake ce masa. Ya soma ɗaure littattafansa cikin akwatunan katako, wai tunda an ce bana za a ba mu ƙasarmu, shi gida zai tafi. Kowa ya san inda ya nufa, ban da ni.

Laraba, 18 ga Mayu, bayan la'asar

Na je wurin Maijidda. Na iske ta a zauren gidansu da kekenta na ɗinki, ta baza yadi kala uku a kan tabarma. Shugaban lakol, makarantar boko, shi ya ba ta ɗinkin sababbin tutoci, wai a ajiye kafin ranar mulkin kai ta zo.

Ko kai ba ta ɗaga ba ta ce, "Mushe Jira, an zo?"

Na ce an zo. Sunan tsokanar da ta sa mini ke nan: mushe yadda ake kiran ɗan boko da Faransanci, jira kuwa aikina.

"Takardar fa?"

"Tana hanya."

"Ko a bayan kunkuru aka ɗoro ta ai da ta iso. Zo ka riƙe mini nan."

Na riƙe mata bakin yadi tana yanka. Duk shekarun da na yi ina haddar dokokin Faransa ban taɓa jin na yi amfani kamar yau ba.

Muna cikin haka babanta ya dawo daga gona. Na sauka daga tabarma na durƙusa, na sunkuyar da kai. Ya ce, "Sannunku," yana duban bango, ya shige. Haka muke yi kullum. Ya san abin da ke kawo ni, unguwa duka ta sani, amma tunda Baffa Labo bai zo da goro ba, babu wata magana. Ni baƙo ne mai son kallon keken ɗinki. Ban taɓa haɗa ido da shi ba, ban taɓa cin ko ƙwayar gyaɗa a gabansa ba. Sunansa kuwa, ko a littafin nan da ba mai buɗewa sai ni, hannuna ba ya iya rubuta shi.

Lahadi, 22 ga Mayu, da almuru

Na dawo daga Tibiri a bayan kamyo, babbar motar ɗaukar hatsi, duk gaɓoɓina ciwo suke. Na je ne in sake yi wa Baffa Labo magana, tunda shi ne ubana tun rasuwar mahaifina.

Ya ce, "In tahi in ce musu mi? In ce ɗanmu yana miƙa ma Nasara ashana? Ka bari takarda ta zo. Ran da ta zo, ko ruwa ake kamar da bakin ƙwarya, ni da ƙahwata zan kai goro."

Na ce Baffa, ba ni kaɗai ke bin hanyar zauren nan ba, har malamin asibiti na ga yana kai rigar da ba ta yage ba.

Ya ce, "To shi yana da aiki." Ya ci gaba da gyaran ƙotar fartanyarsa.

Talata, 24 ga Mayu, da hantsi

Takarda ba ta zo ba. Hadari ya haɗu a gabas, ya watse.

Jumma'a, 27 ga Mayu, bayan azahar

Mai Lofe ya kira ni buro, wato ofishinsa. Ya ce ran Alhamis ni zan hau kujerarsa in yi shari'a, shi zai zauna baya ya sa ido, abin da ya gani shi zai rubuta wa Yamai. Wallahi na yi murna. Na yi ta godiya har na ji kunyar kaina.

Ya ce ƙaramar shari'a ce, ta gona. Sai ya faɗi sunayen masu ita. Na farko Sale, wani magidanci na tsohon gida a garin nan. Na biyun ya fito daga bakin Nasara a karkace, amma na gane shi sarai.

Baban Maijidda ne.

Maganar gonarsa ce ta fadama. Sale ya ce aro ne kakansa ya ba mahaifin Baba lokacin da suka ƙetaro daga ƙasar Katsina, yanzu yana son abinsa. Baba ya ce kyauta ce, shaidarsa kuwa itatuwan da mahaifinsa ya dasa a ciki, don ba a dashe a gonar aro, kuma ba wanda ya hana shi a lokacin. A nawa gani Baba ne ke da gaskiya. Matsalar ke nan.

Litinin, 30 ga Mayu, da asuba

In na zauna kan kujerar nan, zai tsaya a gabana ba takalmi, ni ina sama. Dole in dube shi. Dole in kira sunansa, in ce masa yi magana, in ce masa yi shiru. Ni. In na ba shi gaskiya a ce na yi son kai. In na hana shi, da wane ido zan koma zauren?

Littafi bai bar wannan a duhu ba. Mai shari'ar da ke da alaƙa da ɗaya daga cikin masu ƙara sauka yake yi, ya kuma faɗi dalili. Malaminmu na Dakar har tebur yake bugawa in ya zo wurin: a faɗi dalili a fili, don kada a bar wa zargi ƙofa.

Laraba, 1 ga Yuni, bayan la'asar

Mai Lofe yana Maraɗi wajen ɗora kayansa, sai gobe da safe zai dawo. Na yanke abin da zan yi. Zan yi shi tsaf, a gaban kowa. Nasara zai ga irin karatun da na yi, Baba kuma zai ga cewa na gwammace in bar kujera da in zauna sama da shi. Ban gaya wa Maijidda ba, ina so ta ji a gari.

Na goge rigata ta Nasara da dutsen guga na aro.

Alhamis, 2 ga Yuni, bayan azahar

An zauna. An tashi. Na yi abin da littafi ya ce.

Jumma'a, 3 ga Yuni, da yamma

Na yi salla a sahun baya, na fito kafin a gama addu'a. Ban ci abinci ba. Ba don komai ba, zafi ne.

Asabar, 4 ga Yuni, da hantsi

Mai Lofe ya ba ni hannu a gaban gardi mai tsaron gidan shari'a, ya daɗe yana girgiza shi. Ya ce shekara da shekaru yana ƙasar nan bai ga irin haka ba. Gardin ma da idonsa ya nuna bai taɓa gani ba, sai dai ba abu ɗaya suke nufi ba.

An maida shari'ar Maraɗi. Kafin a yanke, an hana kowa taɓa gonar.

Litinin, 6 ga Yuni, kashegarin layya, bayan azahar

Yau ake rabon nama. Da ƙaramar salla, tun hantsi akushi ya iso daga gidan su Maijidda. Yau na share ƙofar ɗaki, na zauna. Ba a aiko ba.

Sai ga Ishaku daga Gazawa. Tare muka yi karatu a Dakar, ɗaki ɗaya, shaida iri ɗaya. Shi an kai shi can yana buga hatimi a takardun motocin da ke ƙetare iyaka, shi ma wai kafin Yamai ta tuna da shi. Ya yi baƙi, ya rame, bakin dai yana nan.

Tun bai zauna ba ya ce, "Kai, mi ka aikata? Tun daga Cadawa nake jin labarinka a mota. Wata tsohuwa ta ce wani mushe ya ɗaura wa kansa aure a gidan shari'a."

Na ce ƙarya ne.

"To faɗi gaskiyar."

Na faɗa masa. Tunda na faɗa masa, bari in rubuta, ko na huta.

Wurin ya cika, har a tagogi mutane. Dattawa biyu masu taya shari'a suna dama da hagu. Gardi ya kira masu ƙara suka shigo. Baba ya tuɓe takalmansa a bakin ƙofa ya tako da babbar rigarsa ta Jumma'a. Ni kuwa na miƙe tsaye, na yi magana da Faransanci don Mai Lofe, sannan na maimaita da Hausa don jama'a. Na ce ba zan iya yin wannan shari'a ba, saboda akwai maganar aure tsakanina da ɗiyar ɗaya daga cikin masu ƙara. Da ɗaya daga cikin dattawan ya ce bai ji ba, na sake faɗa da ƙarfi. Har sunanta na faɗa, don a rubuta daidai.

Sai Sale ya tafa hannu ya ce, "Ashe! Shi ya sa aka ce mini in kai ƙara duk inda nake so. Ashe an riga an ba mai shari'a tukuicinsa!" Aka fashe da dariya daga tagogi. Baba ya juya ya fita, ya bi rana da ƙafa, takalman suna nan bakin ƙofa. Gardi ne ya kai masa su gida.

Ishaku ya riƙe kai da hannu biyu. Ya ce, "Hashimu, duk Dakar ba a koya maka ciwon ciki ba? Ka kwanta ka yi ta nishi, Nasara ya yi shari'arsa, shi ke nan!"

Na ce ƙarya ke nan.

Ya ce, "Ita ce ƙaryar da kowa zai gane ya kuma gode maka. Kai ka tashi ka yi wa mutum shelar ɗiya a bainar jama'a, ko goro ɗaya ba a kai ba. Da Faransanci, da Hausa. Mi ya hana ka ƙara da Fulatanci?"

Na yi fushi, na ce ni dai ban karya doka ba. Ya ce haka ne. Ya kwance ƙullin naman da ya zo da shi muka ci. Shi ma tasa ta ƙare: Balkisun da yake nema a Gazawa ta gaji da jiran hatimi ya zama kujera, an sa ranarta da wani mai kamyo biyu. Yana faɗa yana dariya, amma bai gama naman hannunsa ba.

Alhamis, 9 ga Yuni, bayan la'asar

Na bi ta ƙofar gidan. Ba ƙarar keke a zaure. An shigar da shi ciki.

Asabar, 11 ga Yuni, da asuba

Ruwa ya sauka jiya, mai yawa. Tun duhu-duhu ake jin mutane suna fita shuka.

Talata, 14 ga Yuni, da hantsi

Takarda ba ta zo ba.

Na ga Maijidda. Ta kawo tutoci lakol, na tsaya mata a hanya wajen bishiyar bedi. Ba ta kauce ba, ta ajiye ƙullin a ƙasa.

Ta ce, "Sunana ka faɗa."

Na ce don a rubuta daidai.

"An rubuta. 'Yan mata sun sa shi a waƙa a bakin rijiya, ko shi ma kana so a kawo maka ka duba in daidai ne?"

Na ce Maijidda, girmama Baba na yi. Na ƙi in zauna sama da shi.

"Girmamawa? Mutumin da kullum yake duban bango don kada ka ji kunya, shi ka tsayar a tsakiyar gari ka ce masa ka san yana sane. Yanzu a kasuwa cewa ake ya sa ɗiyarsa a gaba don ya ci gona. Baba! Da ko mudu bai taɓa tauye wa mutum ba." Ta dube ni. "Don mi ba ka tambaye ni ba? Ran Laraba kana gari, ina gari."

Na ce na so ki ji a gari.

"To na ji."

Ta ɗauki ƙullinta ta wuce. Ina sonta, ban taɓa sonta kamar lokacin da take faɗa mini maganganun nan ba.

Lahadi, 19 ga Yuni, da yamma

Na taka har fadama. Gonakin kowa sun tsiro, layi-layi. Tasa tana tsakiya ba a taɓa ta ba, sai ciyawa da itatuwan mahaifinsa. Na hango shi tsaye a kan iyaka, hannuwa a baya. Na koma ta wata hanyar.

Laraba, 22 ga Yuni, bayan azahar

Baffa Labo ya zo da kansa daga Tibiri. Bai karɓi ruwa ba.

Ya ce, "Ni na mutu ne? Ka tashi ka nema ma kanka aure da bakinka, a gaban Nasara, ina raye? To mi ya rage in kai musu?"

Ya yi faɗa har ya gaji, sannan ya sha ruwan. Da zai tafi ya ce maganarsa tana nan, in takarda ta zo zai kai goro, amma kada in sa rai ya dawo da hannu wofi. Na ce hannu wofi ai shi ake so, Baffa, goron ya zauna can. Ya ce shi ya sa ya ce kada in sa rai.

Talata, 28 ga Yuni

Ba ta zo ba.

Talata, 5 ga Yuli

Ba ta zo ba. Gero ya kai gwiwa. Na daina bi ta fadama.

Asabar, 9 ga Yuli, da hantsi

Sauro, zazzaɓi. Yanzu da ba ya da amfani ciwon ya zo. Malamin asibitin nan mai kai rigar da ba ta yage ba shi ya yi mini allura, yana ta yi mini sannu da fara'a. Allurarsa ma ba zafi. Abin ya ƙara ba ni haushi.

Jumma'a, 15 ga Yuli, bayan azahar

An sa ranar mulkin kai, uku ga watan gobe. Ana ta koya wa 'yan lakol maci a fili. Mai Lofe ya ce ya rubuta wa Yamai shafi guda a kaina, kuma abin da na yi ran Alhamis ɗin nan shi ne kan gaba. Na ce na gode.

Laraba, 20 ga Yuli, bayan la'asar

Maraɗi ta yanke. Gona ta Baba ce, saboda itatuwan, kamar yadda na gani tun farko. Lokacin gero ya wuce, sai dai ya jefa wake.

Na ji daɗi, na ce to gaskiya ta fito, ba ni na yanke ba, kowa ya gani. Na yi ƙarfin hali na je ƙofar gidan na yi sallama. Maijidda ta leƙo, ba ta fito ba.

Na ce kin ji?

"Na ji. Ka ji abin da Sale ke faɗa? Wai masu shari'a duk bakinsu ɗaya, na nan ya sauka don na can ya gama masa aiki. Wai a zuba ido, kafin kaka za a ga an kai amarya."

Na ce wannan ai maganar wanda ya faɗi ce.

"Ita ake ji. Hashimu, in aka kai ni gidanka, duk wanda ya ci waken gonar nan zai ce sadakina yake ci. Ba Baba kaɗai ba, ni ma ba zan iya ba."

Hashimu ta ce. Rabon da ta kira ni da sunana tun farkon haɗuwarmu.

Talata, 26 ga Yuli, da hantsi

Ta zo.

An naɗa ni mai shari'a, ɓangaren Gazawa da Agye, daga tsakiyar watan gobe. Gardi ya ƙame ya sara mini. Na karanta, na ninke, na sa a aljihu, na aika wa Baffa saƙo ta bakin direban kamyo. Ishaku zai yi murna, ko ya yi kamar yana yi. Shi tasa ba ta zo ba.

Na zaci zan yi tsalle.

Lahadi, 31 ga Yuli, da almuru

Baffa ya cika alkawari. Ya zo da dattawa biyu da ƙwaryar goro, cikin yayyafi. Na zauna ɗaki ina jiran su, na kasa karatu, na kasa kwanciya.

Sun dawo hannu wofi! An karɓe su da mutunci, an shimfiɗa musu sabuwar tabarma. Baba ya ce a bar goron, kuma yaron ya zo da kansa bayan biki, yana son ganinsa. Na kama hannun Baffa ina godiya. Shi dai bai yi dariya ba. Ya ce, "Ban taɓa jin inda uban ɗiya ya ce yaro ya zo da kansa ba. Allah ya sa alheri."

Ni na ce alheri ne. An bar goro.

Laraba, 3 ga Agusta, da yamma

An yi biki. Ganguna, maci, jawabi. Tutocin Maijidda ne a hannun 'yan lakol, har na gane wadda na riƙe mata bakinta, don dama ta ɗan karkace. Mai Lofe ya yi bankwana ya shiga mota. An ce yau mun zama masu kanmu. Gobe bayan azahar zan je.

Alhamis, 4 ga Agusta, bayan la'asar

Na je. Na sa riga 'yar shara, ba ta Nasara ba. Na tuɓe takalma tun daga waje, na shiga zaure na durƙusa a bakin ƙofa.

Yana zaune a kan buzu. Ya ce, "Marhaba da mai shari'a. Taso, taso, ba nan ne wurinka ba." Ya nuna mini kujerar katako da aka ajiye kusa da shi. Na ce a'a Baba, nan ma ya isa. Ya ce, "Haba, babban mutum kamarka. Hau." Ya yi ta nacewa har na hau. Shi yana ƙasa.

Ya dube ni. Ba bango ba, ni. Ashe idanunsa ƙanana ne, akwai tabo a girarsa ta hagu. Ban taɓa sani ba.

Ya yi mini barka da naɗi, ya tambayi lafiyar Baffa, ya ce ya ji ƙasar Gazawa akwai rigimar gonaki, Allah ya taya ni riƙo. Ya ce shi bai riƙe ni da komai ba, ya san abin da aka koya mini na yi, kuma ƙasa tana bukatar masu shari'a irina. Ina ta cewa na gode, Baba, ina jiran maganar.

Sai ya ɗaga murya ya ce a kawo abinci.

Maijidda ce ta kawo. Akushi ɗaya, tuwon gero da miyar kuka, da ruwan wanke hannu. Ta durƙusa ta ajiye, ta ce, "Sannu da zuwa, mai shari'a." Ta tashi ta koma ciki. A bayan akushin, a jikin bango, na ga ƙwaryar goronmu, ɗaurin da Baffa ya yi mata ko kwance shi ba a yi ba.

Ya wanke hannu ya turo mini ƙwaryar ruwan. Ya ce, "Sauko mu ci."

Na ce Baba, na ƙoshi.

"A'a, ci za ka yi. Ba kunya tsakaninmu."

Na ce don Allah, Baba.

Ya ce, "Kuma ka bar ce mini Baba, kai da za ka riƙe ƙasa. Ka san sunana, ai yana cikin takardunku. Kira ni da shi, ba komai. Bisimilla."

Ya jira. Bai sa hannu ba sai da na sa. Na sauko na zauna gaba da gaba da shi, muka ci daga akushi ɗaya, yana tura mini wajen da miya ta fi yawa. Tuwon ya yi daɗi, hannunta ne. Na cinye lomar da na ɗiba, na ƙara wata, don ya ce in ƙara.

Da muka gama ya rako ni har waje, ya riƙe mini ƙwaryar goron ina sa takalma, sannan ya miƙo mini da hannu biyu. Ya ce a gaida mutanen Tibiri.

Zan tafi Gazawa ran Litinin ta sama. Akwai kayan da zan ɗaure, in mayar da dutsen guga.

Sunansa Tanimu. Malam Tanimu.